Neman Talle a Gida Mai Taya

Ka'akiyya, bakin hanyar Lis
Asabar da hantsi

Zuwa ga mai ɗakina, Hajiya Sa'adatu, Ummu Dalal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kin tashi lafiya. Yaya gwiwar taki, yaya cinikin yaji, yaya mutanen gidanmu na Jarwal, manya da yara? Idan kin tambaye mu, muna nan cikin ni'imar Allah, ni da Inna da 'yarmu Dalal.

Kafin in shiga bayani, ina so ki dubi wannan rubutu da kyau. Hannuna ne. Malam Lurwanu da ya koya mana rubutu bai kama mini alƙalami ba, bai ma san na rubuta ba. Dalal ta ce in danna waya in aiko miki da murya kamar kowa, tunda ko Makka ba mu gama fita ba. Na ce mata mutumin da ya bar shagon askinsa ya zauna gaban allo da furfurarsa har ya iya haɗa baƙi da wasali, ba zai koma aika murya ba. Ni zan rubuta a takarda, ita ta ɗauki hoto ta turo miki. Tun aurenmu ke kike karanta mini duk takardar da ta zo daga Kano, har da wadda ba a so ki ji. Yanzu ga tawa.

Ba ki ga motar da Dalal ta ɗauko haya ba, saboda lungunmu ba zai ci ta ba, don haka wajibi ne in siffanta miki ita. Larabawa suna ce mata karafan. Ni na yi nazari na ga sunan bai bayyana komai ba, sai na raɗa mata gida mai taya. A cikinta akwai gado, da murhu, da sallaja mai sanyaya ruwa, da mukayyif mai hura iska kamar na Harami. Akwai kuma banɗaki, wanda tun daga waje ya kamata mutum ya yanke shawarar ta wane gefe zai juya. Na buɗe famfo ruwa ya zubo, na leƙa ƙarƙashin motar ban ga inda ya fita ba. Wannan al'amari ina kan bincikensa.

Da za mu shiga na cire takalmi na yi sallama, domin gida gida ne. Inna da aka kwantar da ita ta dubi sama da ƙasa, ta tambayi inda zauren yake. Da aka ce babu, ta ce to baƙo ya sha wahala.

Dalal ce take tuƙi. Ni ina zaune a gefenta ina lura da hanya a madadinta, ko da yake ta ce ba ta buƙata.

Akwai wata mas'ala da ta tsaya mini. Matafiyi yana yin kasaru saboda ya bar gidansa. To, mutumin da ya taho da gidansa, da gadonsa, da tukunyarsa, da mahaifiyarsa a ciki, me ya bari? Na tambayi limamin masallacin gidan man da muka tsaya, ya ce in yi kasaru in mun fita gari, in daina wahalar da kaina. Zan bi maganarsa, amma ban gamsu ba.

Kin san dalilin tafiyar, amma zan rubuta shi domin ya zauna a takarda. Tun da ciwon Inna ya tsananta bayan azumi, ba ta da magana sai ta Talle, jaririn nan na Larabawan daji da ta shayar tare da ni a hanyarsu ta zuwa Makka. Ta ce ba ta son ta gamu da Ubangijinta ba ta san ko yaron ya rayu ba. Likita ya ce ba za ta iya doguwar tafiya a zaune ba. Ga shi za ta yi ta a kwance. Hutun da asibiti suka ba Dalal gajere ne, ƙarfin Inna kuma ya fi shi gajarta. Abin da muka sani game da wurin shi ne yana kudu, tsakanin teku da duwatsu, kuma akwai rijiya da magarya a bakinta.

Ki gai da maƙwabciyarmu Jawahir da yaranta. Ki adana hotunan takardun nan, kada ki goge. Haza wassalam.

Ni ne maigidanki,
Alhaji Mukhtaru Wanzami, da hannunsa.


Gaba da Yalamlam
Lahadi da la'asar

Zuwa ga Hajiya Sa'adatu, Ummu Dalal.

Aminci da rahamar Allah su tabbata gare ki. Ina gaishe ki gaisuwa ta musamman, ina tambayar lafiyarki da ta maƙwabta. Mu lafiya, sai dai Inna ba ta ci da yawa ba. Idan kin ga wasu baƙaƙe sun karkace, laifin hanya ne, ba na hannu ba.

Shekaruna duka a Makka, ina aske kan alhazai daga kowace ƙasa, amma ban san cewa a bayan gidanmu akwai fili irin wannan ba. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai launin garin dawa. A hagu duwatsu baƙaƙe sun jeru, a dama an ce teku ce amma ba a ganinta, sai wani fari-fari a ƙarshen ido. Itatuwan ƙaya ne jefi-jefi, kowanne kansa a baje kamar an yi masa aski da faranti. Abin da ya ba Inna mamaki shi ne tumfafiya. Ta sa aka tsaya aka tsinko mata ganye, ta shinshina, ta ce wannan tun daga ƙauyensu take biye da ita.

Na kuma gano cewa gida mai taya yana da hali. Duk abin da ba a ɗaure ba, idan aka sha kwana sai ya tashi ya ziyarci ɗaya bangon. Butata ta yi wannan ziyara, cike da ruwa.

Yanzu ga babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Jiya bayan azahar, muna tsaye a inuwar wani dutse, Inna ta ba mu labarin Talle har ƙarshensa. Ke da ni farkonsa kawai muka sani.

Ta ce bayan sun ratso Chadi da Sudan, inda aka haife ni, jirgin katako ya sauke su a wata gaɓa da babu gari. Suka kama tafiya a ƙasa, ita da Baba, ina goye. Ƙishirwa ta kai su wata rijiya, wadda Inna take kira Rijiyar Magarya don ba ta riƙe sunanta na Larabci ba. A can suka tarar da tantin makiyaya, da wata tsohuwa riƙe da jariri yana kuka har muryarsa ta dushe. Uwarsa ta rasu wajen haihuwa, ubansa kuma ya yi nisa da raƙuma neman ciyawa. Ba su jin harshen juna. Inna ta miƙa hannu kawai, tsohuwar ta miƙo shi. Ita ta sa masa Talle, kamar yadda ake kiran maraya a gida. Suka zauna watanni, ni a dama, shi a hagu. A nan Dalal ta yi dariya ta ce ashe shi ya sa ban yi tsawo ba.

To, kin san billen da yake kumatuna na hagu, wanda ya taso daga gefen hanci ya gangara, da ɗan lanƙwasa a ƙarshe. Wannan lanƙwasa ta gidanmu ce, Baba ya gaje ta wajen kakansa. Ranar da ya ga na yi ƙwari ya fito da askarsa ya yi mini. Da ya gama sai ya dubi Talle a cinyar Inna, ya ce yaran da suka sha nono ɗaya ba a yi wa ɗaya a bar ɗaya, kada ya girma ya ce an ware shi. Ya yi masa irin nawa. Alheri ya nufa.

Ciwon bai warke ba uban yaron ya dawo. Su kuma a wurinsu abin da ake yi wa tsaga a fuska dabba ce, don a san mai ita. Da ya ga kumatun ɗansa, sai ya ɗauka baƙin nan sun sa wa yaron lamba ne za su tafi da shi. Ya zare wuƙa. Tsohuwar ta shiga tsakani, aka watso musu kayansu waje, suka kama hanya a ranar. Inna ta ce har suka yi nisa tana jin kukansa, kuma ta san ba ya karɓar nonon akuya, don an gwada. Ta ce har suka iso Makka gefen hagun rigarta a jiƙe yake.

Da ta gama, na shiga banɗakin nan na dubi fuskata a madubi, na daɗe.

Amma na fito da dabara. Ba mu san sunansa na gaskiya ba, ba mu san kabilarsa ba. Sai dai in yana raye, yana ɗauke da abin da nake ɗauke da shi. Saboda haka na rage gemuna ta gefen hagu, kuma daga gobe duk inda muka ga mutane zan sauka in nuna musu fuskata.

Ki taya mu da addu'a. Ki gai da duk mai tambayata. Wassalam.

Maigidanki,
Alhaji Mukhtaru Wanzami.


Wani kwari, gabas da Lis
Talata da yamma

Zuwa ga mai ɗakina Ummu Dalal.

Sallama irin ta addinin Musulunci, da gaisuwa, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Wannan takarda za ta iya jinkiri, don waya ba ta kamawa a nan sai an hau tudu.

Ina mai sanar da ke cewa nuna fuska aiki ne mai wuya. Na nuna ta a gidajen mai, da kasuwar awaki, da ƙofar masallatai. Nakan yi sallama, in juya kumatuna, in tambaya ko sun san wani dattijo mai irin wannan. Wani ya ɗauka magani nake nema, ya kwatanta mini asibiti. Wani ya miƙo mini sadaka, ni da nake da shago a Jarwal da ma'aikata a ƙarƙashina. Na mayar masa cikin mutunci. Dalal takan zauna a mota ta rufe fuska da hannu, ta ce, ya Abuya, halas, ya isa. Ban daina ba.

Rijiya mai magarya kuwa, mun ga ta farko muka yi murna. Sai muka ga ta biyu. Yanzu na daina lissafi. A kowacce mukan buɗe tagar da take kusa da gadon Inna, ta ɗaga kai ta duba, ta ce dutsen bai yi daidai ba, ko magaryar ta yi yarinya. Wasu an rufe su da siminti an sa inji.

Jiya muka bar kwalta muka tsaya kusa da tantin wani tsoho mai raƙuma. A nan wata mas'ala ta biyu ta taso. Ya fito ya ce mu baƙinsa ne, mu shigo mu sha gahawa. Na ce masa ya yi haƙuri, ni da gidana na zo, kuma yanzu shi ne yake tsaye a ƙofata, don haka shi ne baƙo. Ya ce ƙasar da tayoyin gidana suke kai, kakanninsa ne suka yi kiwo a kanta. Na ce amma inuwar da yake tsaye a ciki tawa ce. Muka daɗe a haka, kowa yana rantsuwa. A ƙarshe na sha gahawarsa a tanti, shi kuma ya hau ya sha kunun gyaɗar da Dalal ta dama. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska har ya fita, kamar yadda take yi wa kowane baƙon namiji. Ya yaba kunun, ya kuma buɗe famfo ya rufe ya fi a ƙirga. Shi ma ya tambayi inda ruwan yake tafiya.

Wajensa na koyi ilmin lambar raƙuma, wadda suke kira wasam. Kowane gida da tasa. Wani a wuya, wani a cinya, wani a kumatu. Wata kamar sanda, wata kamar zobe, wata kamar sawun tsuntsu. Raƙumi yakan yi yawonsa ba makiyayi, duk wanda ya gan shi ya karanta jikinsa ya san gidansu. Na ce masa ashe su ma suna da rubutu, a fata suke yi. Na zana wasu a bayan wannan takarda don ki gani.

Da na nuna masa fuskata, shi bai yi dariya ba. Ya ce yana yaro ya taɓa jin ana kiran wani Mausum, wato mai lamba, a can wajen duwatsu. Amma ya ce bai sani ba ko mutum ne ya girma da sunan, ko kuwa labarin wani jariri ne da ya mutu ake bayarwa. Ya fi zaton na biyun.

Sa'adatu, Inna ta ji wannan magana ta taga. Tun daga lokacin ba ta sa komai a bakinta ba sai ruwa. Ta juya fuska ga bango. Dalal ta auna ta, ta kira ni waje, ta ce ita ma'aikaciyar jinya ce kafin ta zama direba, kuma gobe da safe za ta juya motar nan zuwa Makka ko na yarda ko ban yarda ba. Na buɗe baki in nuna mata wane ne uba, sai na ga idonta ya kawo ruwa. Na ce to.

Da ba mu zo ba, da Inna tana da wataƙila. Yanzu mun ɗauko ta mun kawo ta inda aka karɓe mata ita.

Ki yi mana addu'a a Harami in kin samu mai raka ki. Wassalam.

Mukhtaru.


Ban san sunan wurin ba
Laraba da azahar

Ummu Dalal, sallama da gaisuwa, ina fata kina lafiya. A gurguje nake, ki yafe gajartar gaisuwar.

Ba mu juyo ba. Ga abin da ya faru.

Da safe Dalal tana ɗaure kaya, ni ina zaune a bakin gadon Inna ina lallashinta da gurasa, taga a buɗe. Sai ga kan wata raƙuma ya shigo ta tagar, ba sallama, ta ɗauke gurasar daga hannuna. Na ɗaga hannu zan kore ta, sai hannun ya tsaya. A kumatunta na hagu akwai wasam. Ya taso daga gefen hanci, ya gangara, da ɗan lanƙwasa a ƙarshe.

Ni wanzami ne ɗan wanzami. Tsaga ba ta ɓace mini. Wannan da ƙarfe mai zafi aka yi ta, ba da aska ba, amma wanda ya yi ta yana kwaikwayon hannun Baba ne. Na ce, Inna, juyo ki gani. Ta juyo. Ta dubi raƙumar, ta dube ni, ta sake duban raƙumar. Sai ta ce a ɗaga ta zaune.

Na fita na tarar da raƙuma da yawa suna kiwo, manya da ƙanana, kowacce da fuskata.

Babu makiyayi tare da su. Amma tsohon nan ya gaya mini masu shayarwa sukan koma wajen 'ya'yansu kafin rana ta faɗi, wannan kuwa hantsarta cike take. Saboda haka muna bin ta. Ki yi tunanin gida guda, da gado da murhu da sallaja, yana rarrafe a bayan raƙuma. In ta tsaya cin ƙaya mu tsaya. In ta tafi mu tafi. Yanzu ta kwanta a inuwa, shi ya sa na samu damar rubutu. Dalal tana duban allurar mai tana duban ƙasa kada taya ta nutse, tana cewa in abokan aikinta suka ji wannan ta shiga uku. Amma ba ta ƙara maganar juyawa ba.

Ban sani ba ko shi za mu tarar, ko magadansa, ko wani da ya ga lambar a kan kabari ya ɗauka. Inna ta karɓi dabino ɗaya.

Raƙumar ta tashi. Wassalam.

Mukhtaru.


Gidan Atiyya, gindin dutse
Alhamis bayan azahar

Zuwa ga mai ɗakina abar girmamawa, Hajiya Sa'adatu, Ummu Dalal.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa cikakkiya, wadda za ta biya ta jiya da na gajarta, ina tambayar lafiyarki, da gwiwa, da ciniki, da Jawahir da yaranta, da dukan mutanen lungunmu. Mu muna cikin alherin da alƙalamina bai isa ya ɗauka ba, amma zai gwada.

Raƙumar ta kai mu da la'asar sakaliya. Gida ne na bulo a gindin dutse, da tanti a gefensa, da garke. Wani dattijo yana tsaye da ƙwarya yana jiran tatsa. Da ya ga gida yana bin raƙumarsa, ya ajiye ƙwaryar ya nufo mu. Na sauka, na gyara hulata, na shirya jawabin da na tsara tun daga Ka'akiyya. Ban samu faɗin ko kalma ɗaya ba. Ya tsaya a gabana yana kallon kumatuna, ni ina kallon nasa. Gemunsa fari ne, amma billen yana nan a samansa, da lanƙwasarsa. Ya ɗaga yatsa ya taɓa nawa, kamar mai duba ko fenti ne.

Sai ya tambaye ni da Larabci ko matar da ta shayar da shi tana raye. Na nuna masa ƙofa.

Ki lura da wannan, domin ya warware mas'alar baƙo da mai gida. Bai nemi izini ba, ni ma ban ce ya shigo ba. Ya cire takalmi ya hau, ya durƙusa a gaban gadon. Inna kuwa, wadda take rufe fuska ko mai kawo gas ne ya shigo, mayafinta yana kafaɗa ba ta taɓa shi ba. Ta kama fuskarsa da hannu biyu ta juya ta wajen haske, ta bi billen da babban yatsa. Da Hausa ta yi masa magana.

Ta ce, "Talle. Ashe ka rayu."

Bai ji kalmomin ba, amma ya ce, "Na'am, yumma," wato Inna. Ya kifa kansa a gefen katifar. Ni na fita duba tayoyi, Dalal ma ta fito ta taya ni.

Sunansa Atiyya. Daga baya, muna shan gahawa, ya ba mu nasa rabin labarin. Ya ce kakarsa ta gaya masa bayan tafiyar su Inna ya ƙi nonon akuya har aka fidda rai. Washegari ubansa ya hau raƙumi ya bi sawunsu don ya dawo da su, amma sun riga sun shiga ayarin alhazai. Wata mata daga wani zango ce ta ƙarasa shayar da shi. Ya ce uban har ya rasu yana cewa ya kori baƙin da suka ceci ɗansa, kuma bai san sunansu ba balle ya nemi gafara. Shi Atiyya ya sha kawo dabbobi kasuwar Ka'akiyya yana duban fuskokin mutanenmu. Ya ga masu tsaga iri-iri, bai ga mai lanƙwasa ba. Na ce masa da ya zo aski Jarwal da an huta.

Na tambaye shi dalilin sa wa raƙumansa wannan lamba, alhali gidansu suna da tasu. Ya ce yana yaro sa'o'insa suna tsokanarsa, suna tambaya raƙumin wane ne shi. Da ya mallaki raƙumarsa ta farko sai ya yi mata irin tasa, ya ce to yanzu ga amsa, shi da ita 'yan gida ɗaya ne. Sa'an nan ya tambaye ni abin da tsagar take nufi a wurinmu, don tambayar da ya kwana da ita ke nan tun yana yaro. Na gyara zama na yi masa bayani mai tsawo a kan asali da dangi da gadon wanzamai. Da na gama ya ce, to ai abin da ya faɗa ke nan.

Wajibi ne in sanar da ke wani abu, tunda Dalal za ta faɗa ko ban faɗa ba. Mutumin nan dogo ne ƙwarai. Sai da ya sunkuya kafin ya shiga motar, kafaɗarsa kuma ta cika ƙofar. Inna ta dube mu a jere ta yi dariya har da tari, ta ce dama shi ne mai zari, ni sai in yi barci a kan nono. Da aka fassara masa, ya tashi da kansa ya tatso raƙumar nan da ta sace mini gurasa, ya cika ƙwarya har kumfa tana zuba, ya ce in sha, ya san ya makara amma a fara. Na sha don kada in kunyata shi. Cikina yana ta magana tun jiya, wannan ma ina kan bincikensa.

Inna ta ci shinkafa da nama, ta sha nono. 'Ya'yansa da jikokinsa suna ta shigowa layi-layi suna sumbatar kanta. Rijiyar Magarya tana bayan dutsen nan, ya ce magaryar ta faɗi tuntuni amma rijiyar tana da ruwa, za a kai ta in rana ta yi sanyi. Dalal ta auna ta ta ce jikin da sauƙi, kuma akwai ƙaramin asibiti ba nisa. Ba na ɓoye miki, ƙarfinta bai dawo ba, kuma ba na zaton zai dawo. Amma ta daina juya fuska ga bango.

Ta ce ba za ta koma yanzu ba, sai ta ga yaron nan ya ci abinci a gabanta ta ƙoshi da kallo. An gyara mata ɗaki, ni ma zan zauna tare da ita. Dalal za ta mayar da motar gobe saboda aikinta, ranar hutunta kuma za ta kawo ki a ƙaramar mota, yanzu da muka san hanya. Ki zo da zabirar Baba, tana saman kabad, Atiyya yana son ya ga askar. Ki zo da yaji mai yawa, naman mutanen nan babu abin da yake ce wa harshe. Ki zo da takardu farare, nawa sun kusa ƙarewa.

Saura mas'alar kasaru. Da azahar ta yi, Atiyya ya shimfiɗa darduma ya ce in ja mu, tunda Inna ta tabbatar na girme shi da 'yan watanni. Ya tambaya ko ta matafiya zan yi, don su cika tasu bayan na sallame. Na waiwaya na dubi gida mai taya a tsaye ba kowa a ciki, na dubi ƙofar ɗakin da Inna take kwance jikokinsa sun kewaye ta. Raka'a huɗu na yi.

Allah ya kawo ki lafiya. Haza wassalam.

Ni ne maigidanki,
Alhaji Mukhtaru Wanzami, yayan Atiyya, da hannunsa.